Ci Babu, Sha Akwai

Da ƙafarsa kafinta ya shigo asibitin, yana tafe yana tsokanar matarsa wai ta kwaso kaya kamar masu ƙaura. Gwiwar hannunsa ce ta karye bara, ta ɗoru a karkace, ya kasa riƙe zarto yadda ya saba. Likitan ƙashi ya ce aiki ne na rabin safiya, a sake karya ƙashin a daidaita shi, ya ɗan kwana biyu ya koma gida. Babu wanda ya ɗauki abin da zafi, har shi mai hannun.

Wadda za ta yi masa allurar kashe jiki ita ce marasa lafiya ke kira likitar barci. Aikinta ba ya jawo godiya. Ita ke kwantar da mutum, ta riƙe masa numfashi muddin ana yanka, ta dawo da shi idan an gama, amma in ya farfaɗo, wanda ya riƙe wuƙa yake nema ya sa wa albarka. Wannan bai taɓa damunta ba. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya tun tana koyon aiki shi ne ƙishirwa.

Dokar asibitin tsohuwa ce: duk wanda za a yi wa tiyata, daga tsakar dare babu ci babu sha. Dalilin ba na wasa ba ne, don in aka sa mutum barci da abu a cikinsa, abin na iya tasowa ya gangara huhu. Sai dai tiyatar da aka ce ta safe takan kai la'asar, wani lokaci ma a ɗage ta zuwa gobe a sake sabon lale. Ta sha ganin tsofaffi leɓe ya tsage, jijiya ta ɓuya an rasa inda za a soka allura. Ta ga uwa ta ɓoye robar ruwa a bayanta, ɗanta na kuka ita ma tana kuka. Mai gadin wannan doka kuwa shi ne shugaban sashensu, wanda ya koya mata aikin. Ya daɗe yana faɗin babu ci babu sha har sunansa na yanka ya ɓace, ma'aikata suna ce masa Babu-Babu a bayan idonsa, kuma ya sani.

Shekara da shekaru tana kai masa rubuce-rubucen masu bincike da ke nuna ruwa ba ya daɗewa a ciki, cikin sa'a biyu ya wuce. Yakan karanta tsaf, don ba rashin sani ke damunsa ba, taurin kai ne, sannan ya miƙo mata ya ce waɗanda suka rubuta ba su san mutanen da ke kwance a gadajensa ba. Da ƙyar da jiɓin goshi kwamitin asibiti ya yarda ta gwada. Duk wanda ya amince ya shiga binciken, za a bar shi ya sha abu tsararo har zuwa sa'a biyu kafin a shiga da shi. Watanni suka shuɗe ba a samu ko tari ba. Ɗakin jiran tiyata ya rage kuka, ma'aikatan jinya suka daina faɗa da 'yan jinya kan kofin ruwa.

Ita da kanta take bin gado-gado tana bayani, kuma ta taƙaita shi yadda zai zauna a kan kowa. Ci babu, sha akwai. Ruwa, baƙin shayi, ko lemo. Tana jin daɗin wannan jimla, gaskiya ke nan, don amsa ce ga ta malaminta, kuma ta fi tasa daɗin faɗi.

Haka ta faɗa wa kafinta da matarsa da yammacin ranar da aka kwantar da shi. Matar ta maimaita a hankali, tana lanƙwasa yatsu.

"Ci babu, sha akwai. Na riƙe, likita."

"Ai da ma haka take min a gida," in ji kafinta. "Yau dai ta samu izinin hukuma."

Da safe aka gangaro da shi a kan gado mai taya. A bakin ɗakin tiyata likitar ta sunkuya ta yi masa tambayoyin da aka saba.

"Baba, ka ci wani abu?"

"Ko loma. Ga 'yar sandata can a waje, ki tambaye ta."

"Ka sha?"

"Na sha, har na ƙoshi."

"Yaushe?"

"Tun da asuba."

Ta duba agogon bango, an haura sa'a biyu da ɗan dama. Ta ce madalla.

A ciki komai ya tafi yadda ya saba tafiya. Ta ɗora masa abin shaƙar iska a fuska, ta tura farin maganin a jijiya, yana cikin gaya wa Sista mai taimaka mata cewa ƙafar teburin nasu na rawa, ya kamata a kira mai gyara, maganar ta tsinke a tsakiya. Ta ɗaga haɓarsa. Sai cikinsa ya motsa sau ɗaya, wani abu rawaya mai kauri ya cika robar da ke fuskarsa.

Ta karkatar da kansa, ta ce a sunkuyar da teburin, ta zura bututun zuƙe amai. Bututun ya ja kaɗan ya toshe. Ta fizge ta sa wani, shi ma ya toshe, don abin ba ruwa ba ne, cike yake da zare-zare. Ƙarar na'urar da ke auna iskar jini ta fara sauka, kowane bugu ya fi na baya ƙasa, leɓen kafinta ya yi duhu. Likitan ƙashi na tsaye da safar hannu, ko taɓa shi bai yi ba. Da yatsa ta riƙa kwaso abin daga maƙogwaronsa kafin ta ga hanyar da za ta zura bututun numfashi. Ta samu ta zura, iska ta shiga, amma wanda ya riga ya gangara ya gangara.

Ba a yi aikin hannun ba. Aka wuce da shi ɗakin masu tsananin ciwo, na'ura na yi masa numfashi, hoton ƙirjinsa ya fito fari fat ta ɓangaren dama.

Likitar ta tsaya gaban kwalbar da aka tara abin da aka zuƙo. Ko ba a faɗa ba hanci ya faɗa, mangwaro ne. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta kalli mutum ido da ido ta tambaye shi, ya rantse bai ci komai ba, ga shi ya jefa kansa ya jefa ta, ya jefa duk masu ƙishirwar da ke zuwa a baya. Ta fita da niyyar wanke matar tas.

Ta same ta a kan bencin da ke tsakanin ɗakin masu tsananin ciwo da ƙofar ɗakin 'yan jiran tiyata, ta rungume ƙullin kayan mijin a cinya. An riga an gaya mata numfashinsa ya samu matsala, ba a ce mata komai bayan wannan ba.

"Mama, ina so ki gaya min tsakani da Allah, me Baba ya sa a bakinsa yau?"

"Yadda kika ce haka na yi, likita. Ya so ya gutsiri burodi, na ƙwace. Na ce likita ta ce ci babu. Har fushi ya yi."

"To me ya sha?"

"Jiya da kika ce lemo, na fita bakin titi. Lemon mai baro duk ɗanye ne, tsami kamar me, shi kuwa haƙoransa ba sa son tsami. Sai na ga mangwaro nunanne a gefe. Na ce ai duk sha ne, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Shi ya sha da asuba, guda biyu, ya kora da ruwa." Ta ɗago ta dubi likitar. "Ban bari ya wuce lokacin da kika ce ba. Na tambayi Sista ƙarfe nawa kafin na ba shi."

Likitar ta fasa faɗan da ta taho da shi. Ita lemon kwalba take nufi, wanda ake ganin gindin kofi ta cikinsa. Ba ta taɓa kawo lemon bishiya a ranta ba, alhali ita ma in ta saye shi shan sa take cewa ta yi. Mangwaro ma haka, kankana haka, rake haka. Wata da watanni tana raba wannan jimla gado-gado tana jin kanta, ashe sa'a ce kawai take ta rufa mata asiri.

"Akwai abin da na yi ba daidai ba?" matar ta tambaya.

"Kin bi abin da na faɗa, Mama. Ki ci gaba da yi masa addu'a."

Washegari aka kira taro a ƙaramin ɗakin sashe, inda fanka ɗaya ke juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Irin wannan taro, kowa da garkuwarsa yake zuwa. Likitar ta faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ba ta rage ba. Abokin bincikenta, wani likita da ya fi son alƙaluma a kan mutane, bai bari ta zauna ba ya karɓe.

"Magana a fili take. Bincikenmu kan abu tsararo ne, mangwaro kuwa abinci ne. Mara lafiya ya karya ƙa'ida. A rubuta haka, a kira iyalinsa a gaya musu abin da suka ba shi ne ya jawo, mu ci gaba da aikinmu."

"Ba su karya komai ba," in ji ta. "Na ce sha, sun sha."

"To ki zaɓa. Ko mangwaron matar ne, ko ruwanmu ne. In kika bari aka ce ruwa ne, kin kashe binciken da hannunki."

Duk aka juya ga Babu-Babu. Kowa ya zaci yau ranarsa ce, zai baje kolin na-faɗa-muku. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido, sai ya zama tsoho sosai a wurin.

"Ruwanki bai yi laifi ba," ya ce mata. "Na karanta abin da kika riƙa kawo min, na san gaskiya ne, tun ba yau ba. Dokata ta wauta ce, tana wahalar da mutum ɗari don a tsare ɗaya. Amma ban taɓa samun wanda ya kasa gane babu ba. Ke kin buɗe ƙofa kaɗan, kin manta kowa da abin da zai shigo da shi."

"Malam, tsohuwar da ƙodarta ta tsaya bara bayan ta wuni biyu ba ruwa, ita ma ta gane babu. Ba a kira mata taro ba."

"Ba a kira ba," ya amsa. "Wanda ƙishirwa ta kashe, a hankali yake tafiya, ba a ganin hannun kowa. Shi ya sa na daɗe a kujerar nan."

Aka yi ta ja-in-ja har azahar. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa bincike zai ci gaba, amma a cire kalmar lemo, kuma kafin a shiga da kowa sai an tambaye shi abu-abu da sunansa, kada a ƙara dogara da ka ci ko ka sha. Ita ta kawo wannan shawara, ita ta jera abubuwan. Da aka zo kan abin da za a gaya wa iyalin, ta roƙi a bar mata. Ta ce za ta faɗa musu abin cikinsa ne ya shiga huhu, kuma bayaninta ne bai fito daidai ba, amma ba za ta ambaci mangwaro ba. Abokin bincikenta ya ce wannan rabin gaskiya ce. Ta ce ta sani, ɗaya rabin in aka ɗora wa matar nan ba za ta iya tashi da shi ba.

Babban ɗan kafinta direban babbar mota ne, daga kan hanya aka kira shi, ya iso da jajayen idanu. Ya tare likitar a baranda, uwarsa na zaune a benci tana jin su.

"Mutum ya zo gyaran hannu, ya ƙare a inji. Ki yi min bayanin da zan gane."

"Abin da ke cikinsa ne ya taso lokacin da na sa shi barci, ya shiga huhunsa. Bayanin da na yi kan abin da zai sha bai fito yadda ya kamata ba. Kuskuren daga wajena yake."

"Wato wannan sabon tsarin naku na ba mutane ruwa. An ce da ba a yi."

A nan ne ya kamata ta ce a'a, ba ruwa ba ne. Ta ji maganar ta zo mata har baki. Ta kalli benci, ta ga matar ta zuba mata ido, sai ta yi shiru.

"Kun gwada abinku a kan ubana," ya ce, bai ko ɗaga murya ba. "Da kun bar shi da ƙishirwarsa, da yanzu yana gida."

Kafin yamma labari ya zaga ɗakunan asibiti cewa ruwan likitar barci ya kwantar da mutum. Waɗanda suka amince da binciken suka fara janyewa. Wani tsoho da leɓensa ya bushe ƙamas ya ture kofin da ta miƙa masa, ya ce gara ya mutu da ƙishi. Abokin bincikenta ya daina gaishe ta. Abin ya yi mata ciwo matuƙa, don aikin shekarunta ne ke zubewa a kan ƙaryar da kalma ɗaya za ta gyara, amma duk sanda ta wuce ta ga matar a benci tana jan carbi, sai ta ce a ranta ya zube ɗin.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne inda bencin yake. Ƙofar ɗakin 'yan jiran tiyata a buɗe take wuni, Sistar ɗakin kuwa Allah ya ba ta murya. Kowace safiya tana bin gadaje da sababbin tambayoyin da likitar ta jera da kanta. Kin sha madara? Kin sha lemon ɓawo? Kin sha kankana? Kin sha mangwaro? Ki tuna da kyau, Hajiya, mangwaro ko yanki ɗaya ne sai an fasa aikin yau. Daga wannan gado zuwa wancan, safiya bayan safiya, matar kafinta na zaune tana ji.

Huhun bai warware ba. Zazzaɓi ya shiga, aka canza magani, aka sake canzawa, aka ƙara wa na'ura ƙarfi har ta kai iyakarta. Wata rana da hantsi zuciyarsa ta tsaya, aka danna ƙirji aka danna, ba ta dawo ba. Likitar ce ta zare bututun da ta sa masa, ta goge masa baki. Hannun da ya zo gyarawa yana nan a karkace yadda ya shigo da shi.

Ɗan ya tafi neman motar da za ta ɗauki gawa. Likitar ta fito, ta tsaya gaban benci ta yi wa matar gaisuwa. Matar ba ta kuka. Ta amsa, ta matsa gefe, ta dafa wurin da ke kusa da ita. Likitar ta zauna.

"Likita, ni ban yi makaranta ba. Ina so ki gaya min wani abu."

"Ina jin ki, Mama."

"Mangwaro ci ne ko sha?"

Likitar ta san amsar ɗaya ce.

"Sha ne, Mama. Kowa sha yake cewa. Ni ma haka nake cewa."

"To me ya sa Sista ke hana shi?"

"Ba a so a sha shi kafin tiyata."

"Ranar da muka zo ba ta tambaya ba. Tun yaushe aka fara?"

Matar ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka faɗa wa kuɗin abin da ta riga ta san tsadarsa.

"Bai ma so ba," ta ce. "Ya ce wa ke shan mangwaro da asuba. Ni na matsa masa, na ce wuni zai yi ba abinci, ya samu abin da zai riƙe masa ciki. Na biyun ni na riƙa ba shi a baki, saboda hannun."

"Mama, ki saurare ni. Laifina ne. Ni ce ban faɗi magana yadda ya kamata ba, na faɗa a gaban manyana, zan faɗa a gaban kowa. Ke abin da aka ce miki kika yi."

"Na ji kin faɗa wa yarona, na kuma ga inda kika yi shiru. Allah ya saka miki." Ta gyara ƙullin kayan da ke cinyarta. "Amma ke faɗa kika yi, 'yar nan. Ni na fere."

Daga ƙarshen baranda ɗan ya ɗago mata hannu, mota ta zo. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki kayan mijinta, ta nufi inda yake.